Masha Allah a Zagaye na Tara

Harlow, Iowa
2 ga Yuni, 1994

Yaya Fuad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya sanyin Alaska, ya ciwon gwiwar hannun? Barka da Sallah, ko da ta kwana biyu da wucewa. Ni da 'yata Samira lafiya lau, sai idona da ya fara gardama da kafar allura. Baba da sauƙi. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye a watan Afrilu hannun dama bai dawo ba, amma yana zama a kujera, yana shan romo, yana gane kowa.

Abin da ya sa na rubuto ba mai daɗi ba ne. An sayar da ƙungiyarmu ta besbol, ta ƙwallon gora. 'Yan Niƙa za su bar Harlow. Sababbin masu ita sun ce filin wasanmu mai kujerun katako ya tsufa, za su kai ta wani birni a kudu. Wasan ƙarshe ranar Lahadi ne, huɗu ga Satumba, daga nan a rufe ƙofa.

Kwamitin gari ya ce a haɗa ɗan littafin tarihi, aka sa ni a ciki, wai tunda shekara ashirin da tara ni ke ɗinka lambobi a bayan rigunansu, ba wanda ya fi ni sanin wa ya zo wa ya tafi. Ina ta tono tsofaffin jaridu. Ka san ma'aikatan injin niƙan masara ne suka share filin da hannunsu a 1931, bayan an tashi daga aiki? Kofi uku muka ɗauka, na 1948, da naku na 1963, da na 1979. Yara arba'in da ɗaya suka bi ta nan suka kai babban rukuni. Jarida ta san su da suna, ni na san su da faɗin kafaɗa. Na sa har da shekarar ambaliya, da 'yan wasa suka ajiye gora suka yi kwana huɗu suna cika buhunan yashi. Wasu sun ce wannan ba nasarar wasa ba ce. Na ce su bar mini ita a ciki.

Jiya Dale Hruska ya shigo shagona. Mai cafkar ƙwallonka dai, yanzu da sanda yake tafiya, amma bakin nan yana nan. Ya ce, "Wadad, ki gaya wa jakin nan na cikin ƙanƙara mutum tara muka rage cikin 'yan 63, kuma shi muka zaɓa ya yi jifan buɗe wasan ƙarshe." Na ce, "Dale, yayana kake zagi a gabana?" Ya ce, "Shekara biyu ina tsugune a gabansa yana farfasa mini yatsu, na saya da tsada. Ki ce in hannun ya mutu ya gangaro ƙwallon a ƙasa, zan ɗauka."

To na isar. Nawa roƙon kuma daban ne. Rabonka da gida tun jana'izar Mama, shekara goma sha uku, kuma ko a lokacin daga gaisuwa ba ka ƙara wa Baba kalma ba. Shekararsa tamanin da shida, Yaya. Ka zo.

Ƙanwarka,
Wadad


Tsibirin gidan kifi, Alaska
23 ga Yuni, 1994

Uwar Allura,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta yi kwana goma sha shida a hanya, hazo ya hana jirgin wasiƙu sauka. Ina lafiya. Gwiwar hannu tana gaya mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Ki gai da Samira. Ki gai da Baba, Allah ya ƙara sauƙi.

Ki ce wa Hruska na ji. Ki ce masa yatsun nasa dama can a karkace aka haife su.

An sayar da ƙungiya, to Allah ya raka taki gona. Sai dai ina so in san me za ki rubuta a littafin naki game da Lahadin nan ta ƙarshen Agusta, 1963. Na san abin da jarida ta ce: 'Yan Niƙa biyu, baƙi ba ko ɗaya, mako guda bayan nan muka ɗauki kofi. Gaskiya ne. Ga abin da ba ta ce ba.

Zagaye takwas na yi ina jifa ba wanda ya doki ƙwallona ya kai zango. Ke ma kin san dokar, ba a rubuta ta a ko'ina ba amma ko jariri a Harlow ya san ta. In mai jifa yana kan irin wannan, ba a faɗa. Ba a kallon allon maki, ba a yi masa magana. Tun zagaye na shida abokaina suka tattara can ƙarshen benci suka bar ni ni kaɗai kamar mai ƙyanda. Mai shelar fili ya daina surutu. Mutum dubu uku, kina iya jin tutar nan tana kaɗawa. Ga kuma baƙo daga babban rukuni zaune bayan raga da ɗan littafinsa, saboda ni ya zo.

Zagaye na tara, na fitar da masu duka biyu, saura ɗaya. Sai mutumin da bai taɓa taka filin nan ba a rayuwarsa, wanda kullum cewa yake wasan banza ne, ya miƙe tsaye da rigar shago ya ƙwala: "Masha Allah! Saura ɗaya, Fuad! Ba wanda ya taɓa ka!" Jifa na gaba, yaron da ke riƙe da gora ya ɗan lashi ƙwallon, ta faɗi bayan zango na biyu, shi kuma ya kai zango. Baƙon ya rufe littafinsa.

Kada ki ce mini camfi ne. Na san camfi ne, malami ɗaya ya karantar da mu a ɗakin ƙasan masallaci. Amma na ji fili duka ya yi nishi, na ga mutane sun juya suna kallon ubana. A tarihin 'Yan Niƙa ba wanda ya taɓa gama irin wasan nan. Da sunana ne kaɗai a shafin.

Agusta lokacin haurowar kifi daga teku ne, ba a ba da hutu sai da dalili mai ƙarfi. Ki gaya mini gaskiyar jikinsa, sannan in san abin yi.

Yayanki,
Fuad


Harlow, Iowa
10 ga Yuli, 1994

Yaya Fuad,

Assalamu alaikum. Na ga takardarka, na gode. Muna lafiya. Zafi ya sauko, masara ta kai kafaɗa. Samira tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko kifayen sun fi mu iya hira.

Na karanta wa Baba gaisuwarka sau biyu. Maganarsa yanzu a hankali take fita. Ya ce, "Hannun fa?" Na ce yana nan yana fama. Ya ce, "Ya riƙa shafa man zaitun." Shi ke nan.

Ka tambayi abin da zan rubuta. Abin da ya faru zan rubuta: F. Darwish, zagaye tara, duka ɗaya tak aka yi wa ƙwallonsa. Ba wanda ya kai ka kusa a shekara sittin da uku. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba.

Amma akwai wani abu da ba ka sani ba, don ba ka taɓa tambaya ba, ni kuma ban taɓa samun bakin faɗa ba. Ka tuna da yammacin ranar ka shigo shago, ga masu saye a tsaye, ka ce masa, "Shekara arba'in a ƙasar nan ba ka koyi inda ake rufe baki ba." Shi kuma ya ci gaba da auna wa matar nan shinkafa, ya ce, "To, na koya." Da bazara ta zagayo, kai ka riga ka tafi, sai ya sayi tikitin shekara. Kujera ta goma sha huɗu, layi na uku, bayan zango na farko. Shekara talatin bai fasa wasan Lahadi ba sai bana. Ya koyi wasan kaf, har ya fi ni sanin wa zai yi nisa. Amma daga ya shiga ƙofar fili har ya fito ba ya furta kalma. Ko gaishe shi aka yi sai dai ya ɗaga hannu. Ranar da muka ɗauki kofin 79 mutane suna ta hawa kan kujeru, shi yana zaune yana tafi kawai. Yaran gari Sam Shiru suke ce masa, sun ɗauka haka Allah ya yi shi.

Hruska ya zo duba shi ranar Juma'a da kwandon tumatir. Ya ce, "Sam, an ce ka rage surutu, ban ga bambanci ba." Baba ya yi dariya har ya ƙware. Da na raka shi ƙofa ya ce, "Wannan tsohon shi ma a sa shi a littafin. Ya fi rabin 'yan wasanmu zuwa fili, kuma bai taɓa zagin alƙali ba."

Jikin Baba kuwa, Yaya, ba zan ce komai a kai ba. Mun yi shiru muna kallo, ni da Samira. Ka fahimce ni.

Akwai wata magana kuma da nake so mu yi, amma ba ta takarda ba ce. Sai ka zo.

Ƙanwarka,
Wadad


Tsibirin gidan kifi, Alaska
31 ga Yuli, 1994

Uwar Allura,

Salam. Lafiya ƙalau nake, sai aiki. Kifi ya fara haurowa, hannuna duk ƙarni, ki yi haƙuri in takardar ta yi wari.

Na fahimce ki sarai, har na yi dariya ni kaɗai. Wato tsoho yana kan tudun jifa yana ta fitar da su ɗaya bayan ɗaya, ku kuma kun koma ƙarshen benci kun kama bakinku. Madalla da 'yar Harlow! Ni ma ba zan ce komai ba. Kada ma ki rubuto mini yadda ake ciki, mu bar shi ya gama zagayensa.

Da farko na yi niyyar in roƙi maigidan aikinmu in taho makon nan. Da na ga layin nan naki sai hankalina ya kwanta, na ce bari in taya su wucewar kifi, in taho gaba ɗaya. Zan iso ranar Juma'a, biyu ga Satumba.

Maganar kujera ta goma sha huɗu ta hana ni sakat. Kwana uku ina zuba wa kifi abinci ina jin "To, na koya" a kunnena. Shekara talatin, Wadad? Me ya sa ba wanda ya gaya mini? Kada ki amsa, na san amsar.

Ga abin da nake so. Ki nemo keken guragu. Ranar Lahadin ni zan tura shi da kaina har kujerarsa. In na yi jifan Hruska zan dawo in zauna kusa da shi, in ce, "Baba, wannan yaron da ke jifa, ya ka gan shi?" In ga ko zai amsa. Kada ki gaya masa, so nake ya gani kawai.

Ki dafa ganyen inabi irin na Mama, da lemon tsami da yawa.

Yayanki,
Fuad


Harlow, Iowa
17 ga Agusta, 1994

Yaya Fuad,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san saƙon oba-oba ya same ka, mutumin tashar jirgin ruwa ya ce ya karanta maka da bakinsa. Baba ya rasu ranar Lahadi bayan azahar, aka yi jana'iza ranar Litinin, yana kusa da Mama. Bai sha wuya ba. Mu muna nan, jiki lafiya. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Takardarka ta iso ranar Asabar, kwana ɗaya kafin nan. A tsaye na karanta ta bakin akwatin wasiƙu, da na kai wurin maganar benci sai na gane yadda ka fahimce ni. Yaya, ba haka nake nufi ba. Tun farkon Yuli likita ya ja ni gefe ya ce makonni ne suka rage, ba watanni ba. Ka ce in gaya maka gaskiyar jikinsa. Na ɗauki biro sau uku na kasa. Ji nake in na rubuta, na sa hannu ke nan. Sai na rubuta abin da na rubuta, ina zaton za ka ji nauyin da ke ƙarƙashinsa. Na manta wa nake rubuta wa. Na manta a gidanmu in an ce an yi shiru ana kallo, alheri ake tsaro. Nan take na je aka aika maka oba-oba ka taho, aka ce hazo ya rufe, ba jirgin da zai tashi sai bayan kwana uku. Saƙo na biyu shi ne wanda ka sani.

Yanzu ga maganar da na ce ba ta takarda ba ce. Ba ni da ikon ƙara ajiye ta.

Ni na kai Baba fili ranar nan. Mako guda ina roƙonsa kafin ya yarda ya rufe shago. Bai san komai a wasan ba, yana ta tambayata me ya sa wancan yake gudu, me ya sa wannan ya tsaya. Da fili ya yi tsit ya ce, "Wadad, lafiya? Wani ya mutu ne?" Na raɗa masa abin da kake kai. Sai tsoro ya kama ni. Ka tuna Mama ba ta barin a kalli abu mai kyau a yi shiru, ko burodi ne ya tashi sai ta ce a ce Masha Allah, don ta nan ido yake shiga. Na duba, ido dubu shida a kan yayana, ba baki ɗaya da ya ambaci Allah. Na san dokar fili sarai, tun ina 'yar shekara tara nake zuwa. Na auna biyun, na ga ta Mama ta fi nauyi. Amma ni budurwa ce 'yar sha bakwai, kunya ta hana ni ɗaga murya. Sai na taɓa hannunsa na ce, "Baba, za su cinye shi da ido. Ka faɗa. Da ƙarfi, ya ji."

Bai san akwai wata doka ba, Yaya. Ni na sani.

Ina bayan kanta sa'ad da ka shigo shago. Na buɗe baki, ya dube ni ya girgiza kai. Bayan ka fita na ce zan bi ka in gaya maka. Ya ce, "Bar shi. In ya yi fushi da ni, uba ne, ba ya canjawa. In ya yi fushi da ke, wa zai riƙa rubuta masa takarda?" Na karɓi wannan uzurin da hannu biyu, don ya yi mini daɗi. Shekara talatin da ɗaya ina rubuto maka labarin masara da ruwan sama, ina tunasar da kai haƙƙin iyaye, alhali igiyar a hannuna take.

Ranar Asabar da la'asar na ci amanarka, na karanta masa takardarka duka, har da keken guragun. Ban sani ba ko ya ji gaba ɗaya. Da na zo wurin tambayar da za ka yi masa, leɓensa ya motsa. Na kai kunne. Cewa ya yi, "A fili ba a magana." Kuma wallahi murmushi yake yi.

Hruska da 'yan 63 su shida suka zo maƙabarta, suka tsaya daga baya da hulunansu a hannu. Ya ce in gaya maka in ba za ka iya jifan ba kowa zai gane.

Ban ce ka yafe mini ba. Na dai gaya maka.

Ƙanwarka,
Wadad


Tsibirin gidan kifi, Alaska
27 ga Agusta, 1994

Wadad ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Ina lafiya, abin da ake kira lafiya. Na yi masa salla a bakin ruwa ni kaɗai. Wataƙila in riga takardar nan isowa, amma dole in rubuta, don in na gan ki bakina ba zai iya ba.

Kin ajiye naki shekara talatin da ɗaya. Ga nawa.

A zagaye na bakwai na ji wani abu ya tsinke a gwiwar hannuna, kamar an ja zare a riga. Ban gaya wa kowa ba, dama ba mai yi mini magana. Na takwas da na tara da sa'a na bi su, da kuma yaran da ke tsaron fili a bayana. A jifan ƙarshen nan Hruska ya nuna mini da yatsu in jefa mai lanƙwasa. Na girgiza masa kai, don na san hannun ba zai iya murɗa ta ba. Na jefa miƙaƙƙiya, marar ƙarfi, wadda ko ke za ki doka. Ki tambaye shi, ya sani. Shi ma bakinsa da kike gani ya iya ajiya.

Baƙon nan kuma bai tafi haka kawai ba. Ya same ni wurin ajiye motoci ya ce, "Yaro, tun na bakwai hannunka ya sauka. Ko da ka gama wasan nan ba zan rubuta sunanka ba. Ka nemi sana'a." Daga wurinsa na miƙe zuwa shago. Kin gane? Sa'ad da na faɗa wa Baba maganar nan na riga na san ba shi ba ne. Na kasa cewa hannuna ya mutu ina ɗan ashirin da ɗaya, sai na nemi wanda zai ɗauka, na samu wanda ba zai musa ba. Da shekaru suka yi nisa har ni kaina na yarda da labarin, na rubuto miki shi a watan Yuni kamar karatu.

Layin naki kuma, ba ke kaɗai kika yi kuskure ba. Na karanta shi sau biyar. Na ga "Ka fahimce ni." Na zaɓi fahimtar da za ta ba ni ƙarin wata guda kafin in dubi idonsa.

Don haka ba ni da abin yafe miki. Mu biyu muka ɗora masa, ya ɗauka bai ce uffan ba. Sai mu roƙi Allah tare.

Littafin naki ki bar layina yadda kika rubuta shi, duka ɗaya tak. In ba a buga ba tukuna, ki yi abin da Hruska ya ce, ki sa Salim Darwish, kujera ta goma sha huɗu, shekara talatin. Da sunansa na gaskiya, ba Sam ba.

Zan zo ranar Juma'a. Daga tasha maƙabarta za mu fara. Ki ce wa Hruska ya tsuguna kusa, ƙwallon ba za ta yi nisa ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Lahadi ki zauna a kujerarsa. Mutanen Harlow na san su, in na hau tudun nan za su yi tsit, don girmamawa. Kada ki bar ni a cikin shirun nan. In kika ga na ɗaga hannu, ki miƙe ki faɗi kalmar nan ta Baba. Da ƙarfi, Wadad, yadda ya faɗe ta.

Yayanki,
Fuad